Ko Fijo Ta Tashi, Ko Ta Zama Akurki

"...lafiya lau muka yini, sai da muka gan ki. Tsaya nan bakin ƙofa in kwashe tarkunan ɓera, kar ki zaci walima aka shirya miki."

"Bar abinka, tsoho, na ƙoshi. Na dai lura ban ga biri ko ɗaya ba tun daga tasha har gidan nan. Kun yi baƙi ne jiya?"

Haka Bashi Katongo, wato Baban Katongo, wanda sunansa na takarda Chileshe, ya tarbi Tikambenji Jere, Tika a taƙaice, bakanikiyar da ya kira da kansa. Shi mutumin Bemba ne, ita 'yar Ngoni ce daga Chipata, to ka san sauran: nata mutanen sun ce nasa na cin biri, nasa sun ce nata na cin ɓera, kuma ba a fushi ko a gidan makoki ne.

Matsalar tana ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Fijo ce 404 mai launin madara, wadda ya saya tun yana aikin haƙar tagulla a nan Luanshya. Da damina ɓeraye suka tare a injin, suka cinye rigar wayar cok, abin da ake ja don inji ya tashi da sanyi, tsatsa ta ƙarasa sauran. Da sanyin Yuni ya shigo, don a nan lokacin ne hunturu, motar ba ta tashi da safe sai matarsa, Bana Katongo, wato Maman Katongo, ta toshe bakin kafireto da tafin hannu yana murza makulli. Ranar Lahadi injin ya yi tari, ya tofo wuta, ya babbake mata gashin kantin da take zuwa coci da shi. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi ta sa a kawo mata 'yan tsaki gobe da safe, in motar ba ta tashi ba tare da hannunta ba, za a cire kujeru, kaji su tare. Har ta ɗora kaskon ruwansu a kan rufin.

Tika ta ɗaga bonet ta leƙa.

"Kai. Wa ya mutu a nan?"

"Abincinku ne ya ci mini mota. Diyya zan nema daga sarkinku."

"Sarkinmu ba ya magana da bayinsa kai tsaye. Ka rubuto ta hannuna." Ta jawo guntun wayar ta jefar. "Irin wannan wayar ta ƙare a duniya, bawana. Mutum na ƙarshe da yake sayar da ita sa'anka ne, kuma shi ya san ya kamata, ya tafi."

"To me kika zo yi? Gaisuwar mutuwa?"

Ta zaro wani baƙin abu daga aljihun rigar aikinta, kamar murfin kwalbar man shafawa, da waya ɗaya tana reto.

"Cokin lantarki."

Bashi Katongo ya dubi abin, ya dubi sandar wutar da ke bakin titi, wadda tun asuba ba ta da amfani sai ga tsuntsaye.

"Lantarki. A ƙasar nan."

"Ƙwarai."

"Wato duk ranar da aka ɗauke wuta, motata ma an ɗauke ta."

"Haka ne," in ji Tika, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Talata da Alhamis za ka hau keke. In matarka na guga kuma, kar ka kunna fitilar gaba."

"Laifina ne da ban kira ɗan adam ba."

"Batir, tsoho! Batirin motarka! Shekaru nawa kana ƙarƙashin ƙasa, ashe hankalin can ka baro shi."

Ya jawo kujera ya zauna, don kar a ce bai sa ido ba. Ya san matarsa. Matar da ta taɓa mayar da takalminsa na aiki tukunyar shuka albasa, ba ta barazana da wofi.

Tika ta kwance abin tace iska, ta zazzage ɓawon gyaɗa da tsumman da ɓeraye suka tara.

"Zuba a leda ki tafi da shi," in ji shi. "Kayan ɗakin 'yan uwanki ne."

"Miƙo sifana. Ba wannan ba, ƙaramar. Oho, na manta, ku in abu ba ya kan reshe ba kwa gane shi."

Ta ɗaura murfin a gefen kafireto, ta ja wayar ta cusa ta cikin mota, ta kwanta a ƙarƙashin sitiyari ƙafafunta a waje. Daga can muryarta ke fitowa.

"Saurara, sau ɗaya zan faɗa. A cikin murfin nan akwai ɗan ƙarfe a nannaɗe. In da sanyi, sai ya takure ya rufe wa injin baki, aikin da baiwar Allah matarka take yi kyauta. Da ka murza makulli, wuta ta fara gasa shi, ya riƙa buɗewa a hankali. Saboda haka ka taka totur sau ɗaya, ka murza, ka tayar nan take."

"Shi ke nan?"

"Shi ne mai wuyar. In ka kunna makulli ka tsaya surutu, ƙarfen zai yi zafi ya buɗe, injin kuma na nan da sanyinsa. Ba za ta tashi ba. An yi wa Turawa abin ne, ba a yi tunanin bakin mutumin Bemba ba."

"Ni mutum ne mai kawaici."

"Kai ne ka yi jawabi a bikin ɗanka Katongo har amarya ta haihu."

"Gwada shi yanzu mu gani."

"Yanzu rana ta gasa ta, ko akuya ta murza za ta tashi. Sai da safe. Gwaji ɗaya gare ka, a gaban alƙali." Ta nuna tagar kicin da haɓa. Labule ya motsa.

Da safe raɓa ta kwanta a gilashin Fijo, hayaƙi na fita daga bakin kowa. Wuta kuwa ba a kawo ba. Bana Katongo na tsaye da ɗankwali har gira, rungume da kwali mai huji-huji, 'yan tsaki na ta tsiwa a ciki. Tika ta iso cikin bargo, tana cin ayaba.

"Na kawo maka guda," ta ce. "Ba don ka ci ba. Ka ɗana, ka kama abincin rana."

Bai kula ta ba. Ya sa kwat ɗinsa ta coci, ya shiga, ya taka totur sau ɗaya. Aka ji ƙas a cikin injin. Ya murza makulli rabi, jan fitila ta kama. Sai ya hangi maƙwabta sun jeru a kan shinge, har da matar fasto. Mutane haka, a tsaye, ba abin da suke yi sai sauraro. Ya sauke gilashi, ya gyara murya.

"'Yan uwa. Ranar da na ɗauko motar nan daga Ndola, ana ruwa, kuma mai sayarwar..."

"Tsoho," in ji Tika.

"...wani Bagirike ne mai ido ɗaya, ya ce mini, Mista Chileshe..."

"Ƙarfe na zafi."

"Bari in kai aya."

"Mama," Tika ta juya wajen Bana Katongo, "kujerar baya zan fara cirewa ko ta gaba? Ni da ta gaba na fara, da shi a kai."

"Ta gaba," in ji Bana Katongo.

Bashi Katongo ya haɗiye Bagiriken da sauran labarinsa, ya murza. Fijo ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani, sannan ta kama da ƙara har kaskon ruwan ya zamo daga rufin ya kife. Yara a kan shinge suka sa ihu. Shi kuwa ya ɗora gwiwar hannu a taga, fuskar nan kamar ba a yi komai ba.

Bana Katongo ta zagayo, ta sa hannu ta taga ta ji ɗumin da ya fara tasowa daga ƙasan sitiyari. Ta buɗe ƙofar baya, ta ajiye kwalin a kan kujera, ta rufe.

"Bana Katongo! Ai ta tashi!"

"Na ji. Ba wuta, ƙwan fitilarsu ba ya kamawa, sanyi zai kashe mini su. Ka bar ta a kunne har rana ta fito." Ta koma ciki abinta.

Tika ta leƙa ta dubi direba, ta dubi fasinjojinsa.

"Shekara da shekaru kana neman masu sauraron da ba za su gudu ba. Ga su. Ƙarasa musu Bagiriken."

Ya laluba ƙarƙashin kujera, ya jawo wani ƙunshin jarida, ya miƙa mata da hannu biyu, cikin ladabi.

"Ladanki. Daren jiya tarko ya kama su a but ɗin motar. Ban taɓa ko ɗaya ba."

Ta buɗe, ta ɗaga guda ta jela, ta juya shi kamar mai taya kifi a kasuwa.

"Ɓeran gida ne wannan, jahili. Na daji muke ci. Wannan ko surukata ba zan ba."

Nan fa tsohon ya kasa daurewa. Dariya ta ƙwace masa har goshinsa ya danne ham, 'yan tsaki suka rikice. Ya fisge tsohon maɓallin cok ɗin da ya shekara arba'in yana ja, ya cusa mata a hannu.

"Riƙe, mai ɓera. Kin ci. Miƙo ayabar nan, ban karya ba."