Magajin Fendlecott na Takur

Duk laifin tsohon akwatin marigayi Kakanmu ne. A ƙasansa na tsinci wani faifan tagulla mai huda, an rubuta masa Fendlecott. Na duba a waya, aka ce sunan wata zuri'a ce ta Ingila, ma'anarsa ƙaramin gida a bakin fadama, kuma masu sunan sun kusa ƙarewa. Nan take na gane inda ragowarsu suka ɓuya: gidanmu, a unguwar Takur cikin Dutse. Dama na daɗe ina zargin tsawon hancina.

Daga ranar ƙafata ba ta sake taka ƙasa ba. Ina cikin Keke Napep, amma duwatsun Dutse sun zame mini katangun fadar kakannina. Ina lumshe ido sai in ga tsofaffin Turawa a bakin ruwa, suna share hawaye don magaji ya dawo.

Ranar sunan ɗiyar Yaya Hauwa a Kiyawa na zura wa faifan zare na rataya a wuya, na tsaya tsakar gida na bayyana wa dangi asalinmu. Inna, kakarmu, ta jawo ni da zaren, ta ƙura wa faifan ido.

Ta ce, "Angona, ai wannan na wuyan jakin Baturen allurar shanu ne, kakanka ke kiwonsa. Jaki ne mai natsuwa, bai taɓa tara jama'a ba."

Har yau in na je Kiyawa, ƙannena sai sun durƙusa: "Ranka ya daɗe, shayi za a kawo ko dusa?"