Gorar da Ta Sha Man Shanu

Duk ƙauyukan lardin Kena, daga bakin kogi zuwa gindin dutse, babu masanin sanda irin Alhaji Abul Wafa. Shi da kansa ya faɗa, kuma mai gashin baki irin nasa ai ba ya ƙarya. Bai taɓa shiga filin wasan sanda ba, to sai me? Ya kalla sau dubu daga kan benci. 'Yan gidan shayi suka laƙaba masa Likitan Gora, shi kuwa ya amsa da hannu biyu.

Ranar da ya je zaɓen tasa gorar, saura kaɗan mai sayar da gora ya yi kuka. Alhaji ya ƙirga gaɓoɓi, ya ƙwanƙwasa a kunne, ya sansana, wallahi har ya lasa. Gora saba'in suka faɗi jarrabawa kafin ɗaya ta ci.

Kowa ya san yadda ake yi don gora ta yi ƙarko: a shafa ɗan mai, a goge, a jingine a inuwa.

"Wannan aikin talaka ne!" in ji Alhaji.

Shi tulu uku na man shanu ya narka, ya kwantar da ita ciki kwana arba'in. Matarsa ta daina yi masa magana.

Ranar Mauludi ya tsaya tsakiyar fili, ya kama gashin bakin nan da ya shekara talatin yana murzawa.

"Jama'a, ku shaida! In gorar nan ba ta taɓa rawanin Mitwalli yau ba, a aske wannan!"

Mitwalli, tsohon mai saran rake da ba a taɓa taɓa wa rawani ba, ya shaƙi iska.

"Alhaji, wasa za mu yi ko karin kumallo? Da ka faɗa, da na zo da gurasa."

Ganga ta ɗauka, algaita ta bi, rana na dukan tsakar ka. Gora ta fara gumi. Alhaji ya ɗaga ta ya juya don gaisuwa, sau ɗaya, sau biyu, sai fiiit! Ta tsallake masu algaita ta faɗa gonar rake, karnukan gari suka bi ta a guje. Mitwalli ya matso, ya ɗora tasa gorar kan rawanin Alhaji a hankali.

Dariya ba ta lafa ba wanzami ya ratso taro yana wasa aska.

"Amma kun gani da idonku," in ji Alhaji, "ba ta karye ba!"

"Ko tsagewa ba ta yi ba, ranka ya daɗe," in ji wanzami. "Ɗaga haɓa."