Manomin da Ya Mutu Ya Dawo Ɗan Sanda

Fim biyu na haɗa na yi wa sharhi a matsayin fim ɗaya. A gaban aji, da firojekta, da sabuwar shadda a jikina. To ga shi na faɗa da bakina, masu tsokanata a gurup sai ku huta. Yau sakamako ya fito, na haye kos ɗin, alhamdulillahi, shi ya sa bakina ya buɗe! Amma ranar nan ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma wanda ya ja mini har yanzu ban yafe ba.

Duk sashenmu an san ni da alƙalancin fim. Na Koriya, na Turkiyya, na Amurka masu mota tana tashi sama, namu na gida, ba wanda ba na yanke wa hukunci a sitatus. Wannan ya haɗu, wancan shirme, wancan ɓarnar data. Waɗanda na fi rainawa su ne tsofaffin fina-finan Indiya, inda za a harbi mutum a ƙirji ya tsaya yi wa uwarsa jawabi har shayinka ya huce.

Sai ga kos ɗin nazarin fim a ajin ƙarshe. Na ce ai wannan gidanmu ne, ban buɗe littafi ba, gwaji ya zo na sha ƙasa. Abin da ya rage mini shi ne sharhin da kowa zai gabatar a gaban aji. In na kwafsa shi, abokaina su tafi bautar ƙasa, ni in zauna maimaita shekara saboda fim. Fim fa! Da wane ido zan kalli Baba?

Dakta, malamin kos ɗin, ashe yana ganin sitatus ɗina (wa ya ba shi lambata, Allah masani). Da ya zo rabon aiki ya dube ni ya ce, "Kai mai raina tsofaffi, na Indiya za ka yi, na zamanin kaset." Ya ba ni sunan fim ɗin.

Na wuce wurin mai turin fim ɗinmu a Ƙofar Durbi. Na faɗa masa sunan, na ce mai fassarar Hausa nake so. Ko ɗago kai bai yi ba. "Akwai, oga. Wan an tu ne." Ya tura mini kashi na ɗaya da na biyu a waya, na kama hanyar unguwarmu, Kambarawa.

Kashi na ɗaya: jarumin, wanda mai fassara ke kira Mai Tozali, manomi ne. Yana da kare, yana da budurwa, yana da uwa mai fararen kaya da ba ta aikin komai sai kuka. Bos mai sanƙo ya ƙwace gonarsu, ya sa aka jefa shi a kogi. Nan ya ƙare.

Na danna na biyu. Sai ga Mai Tozali cikin kaki, a kan babur, ɗan sanda a babban birni. Budurwar ta canza, kare babu shi. Amma ga uwar nan dai da fararen kayanta tana kuka, ga bos da sanƙonsa, ga mai fassara yana ta "Mai Tozali ya iso!" Na miƙe zaune. Na ce kai, ashe mutanen da suna da kai! Ya mutu ne aka sake haihuwarsa, irin yadda suka yarda a al'adarsu, kuma daraktan bai tsaya yi mana bayani ba don yana girmama hankalin mai kallo. (Ku ji fa. Ni na tsara wannan da kaina, har na ja masa layi.)

Ranar gabatarwa na zuba zance. Na ce manomi da ɗan sanda rai ɗaya ne a jiki biyu. Na ce canjin budurwa na nufin soyayya ba fuska ba ce. Na ce ɓacewar kare alama ce ta yadda amana ke mutuwa a birni. Har wani a baya ya ce, "Sai Farfesa!" Na ɗaga masa hannu.

Sai Hajiya ta ɗaga nata.

Hajiya 'yar ajinmu ce, ma'aikaciyar gwamnati da ta dawo karatu, sa'ar Mamata, kullum da filas ɗin shayinta a kujerar gaba. Ni ne na taɓa ce mata zamaninsu ba fim suka kalla ba, haƙuri suka kalla.

Ta ce, "Ɗana, wanga na ɗan sandan da ka nuna, mi ya kawo shi nan?"

Na ce, "Kashi na biyu ne, Hajiya."

"Na biyun wa? Wani fim ne daban. Manomin nan bai mutu ba. Karen ne ya yi ta haushi a bakin kogi har masunta suka tsamo shi."

Maimakon in yi shiru, sai na hau musu. "Hajiya, uwar fa ɗaya ce!"

"Ita ce uwar kowa a lokacin. Har wanda ya girme ta ta haifa."

"To bos ɗin fa?"

"Shi ma ko'ina shina nan, shi da sanƙonshi. Ba ka lura a na farko gona yake ƙwacewa, a na biyu zinari yake fasa-ƙwauri ba?"

Na lura mana. Na ce ci gaban kasuwanci ne.

Ajin ya fashe. Wanda ya ce "sai Farfesa" har ƙasa ya kai. Dakta ya cire tabarau yana share hawaye, ya ce, "Maimaita mana abin da ka ce a kan karen nan." Shaddar nan da ta sha guga ta jiƙe sharkaf da gumi.

Daga aji ban zame ko'ina ba sai Ƙofar Durbi. Ku ji abin da bawan Allah nan ya ce mini, ko kunya babu: "Oga, na biyun ne ya ƙi buɗewa, sai na sa maka wani nashi. Ai duk Mai Tozali ne, duk kuma ana faɗa." Duk ana faɗa! Mutum zai ja mini maimaita shekara yana ce mini duk ana faɗa! Har da tambayata wai ban ji daɗinsa ba? Abin haushin, na ji.

Dakta ya ba ni dama ta ƙarshe: in nemo ragowar kowanne, in kalla, in sake tsayawa. A ina zan samu? Wurin Hajiya. Tana da su a faifai a gidanta na GRA. Na je na durƙusa na yi gaisuwa mai tsawo, har da ta kaji, aka zaunar da ni a falo, maigidanta Alhaji yana gefe yana faɗa mini abin da zai faru tun bai faru ba. Da aka zo inda karen ke haushi a bakin kogi, wani abu ya faɗa mini a ido. Hajiya ta miƙo mini tishu. Wallahi gara a ce ta yi dariya.

Na sake gabatarwa, na samu makin da ya fitar da ni da ƙyar, amma fita fita ce! Abin da na koya: in fim ya yi maka zurfi fiye da kima, kafin ka ce falsafa ce, fara duba ko mai turi ne.

Yanzu roƙona biyu ne. Na farko, sunana ba Wan-an-tu ba, ku daina. Na biyu, don Allah ku tura wannan a duk gurup ɗin da kuke. Akwai wani a garin nan da aka tura wa ɗan sanda a farko, manomi a ƙarshe, yana can yana tunanin korarsa aka yi daga aiki ya koma noma. Ku taimaka ya gani tun bai tsaya a gaban mutane ba.