Rasuwar 'Yar Jidda, Kwamfutar Malam Abdulmuttalib

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, tare da miƙa lamari ga Mai kowa da komai, gidan Malam Abdulmuttalib na Mai Wurno yana sanar da dangi da maƙwabta, da abokan noma na garuruwan Hajj Abdalla da Hasahisa, rasuwar kwamfutarsa wadda aka fi sani da 'Yar Jidda. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan cinyar mai ita, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta zo garin nan ne a cikin jakar ƙanensa Salih, wanda ya yi shekaru yana aiki a Jidda. Ko a lokacin ba yarinya ba ce. Kusurwarta ɗaya a fashe take, ba ta buɗe hoto sai ta suma, bidiyo kuwa ko sunansa ba a ambata a gabanta. Sai Salih ya kwashe mata duk wani ado, ya bar ta da baƙin allo da koren rubutu, ya sa mata manhajar wasiƙu irin wadda ba ta san komai ba sai haruffa. Kafin ya gama saita ta hutunsa ya ƙare, ya koma.

Saboda haka ta waya aka ƙarasa aikin, kuma masu zama gindin dalbejiyar ƙofar gida suna tuna wannan yini. Salih yana faɗa daga can, Malam yana dannawa da yatsa ɗaya: adireshin akwatin wasiƙunsa da ke wata ƙasa mai nisa, sunansa, kalmar sirri, sai lambar ƙofar da za a bi, 993. Aka gwada, marigayiyar ta ce “ƙit,” ta ƙi. Aka sake, ta sake cewa “ƙit.” Hajja Sabah, uwargidan, ta kawo jabana, wato gahawa, ta huce, ta mayar ta ɗumamo.

“Yaya, karanta mini layin farko,” in ji Salih. Malam ya karanta. “To ka yar da harafin s na ƙarshe. Wanga harafi shi ne makulli. In babu shi, wasiƙarka tsirara za ta hau hanya, kowa ya gani.”

Malam ya mayar da s gurbinsa. Sai marigayiyar, mai taka-tsantsan, ta nuna masa takardar shaidar wancan akwati, ta tambaye shi ko ya yarda da ita. Shi kuwa mutum ne da ko ragon layya ba ya ɗauka sai ya duba haƙora, don haka ya sa Salih ya karanto dogon jerin haruffan ɗaya bayan ɗaya, yana bi da yatsa. Da suka dace ya amince. Ta ja numfashi “fuuu,” sannan ta ce “tin.” Wasiƙar farko, daga Salih, kalma biyu ce: “Ka iya.”

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai wadatar zuci. Ranar da shabakar intanet ta yi rauni, wayoyin samari suna ta juya 'yar da'irarsu, ita sai ta lallaɓa ta ɗauko saƙo ta dawo. A shekarun da hanyoyi suka rufe, mutane suka warwatsu, ta bakinta gidaje da dama suka ji cewa nasu sun isa garin Damazin lafiya. Ba ta taɓa kai sirrin wani gidan ga wani ba. Aibinta ɗaya, zafin jiki: Malam ya yi mata fifita fiye da yadda ya yi wa kansa, abin da Hajja Sabah ba ta fasa ambata ba.

Ta bakinta kuma Salih ya riƙa rubuto wa yayansa, duk Juma'a, yana tambayar ruwan tur'a, magudanar ban-ruwan gona, da lafiyar jaki, yana tsokanarsa kan furfura. Da Allah ya yi wa Salih rasuwa a can Jidda, Malam bai samu ganin kabarinsa ba. Abin da ya rage masa shi ne, in an sauko daga masallaci, ya buɗe 'Yar Jidda ya karanta tsohuwar wasiƙa ɗaya, ya rufe.

Ciwon ajali ya fara da damina, da rufin ɗaki ya ɗiga mata a ka. Hajja Sabah, da kyakkyawar niyya, ta binne ta a buhun dawa don ta bushe. Ta fito da ƙwari a tsakanin haruffa da wani sabon tari, “kar-kar-kar.” Daga baya koren rubutun ya soma dusashewa. Ranar Talata ta ce “ƙit” sau ɗaya, a hankali, allon ya ɗauke.

Malam ya ƙi cin kisra, wainar dawar da ya saba ci, ya ƙi shayi. Ya zauna bakin gado da ita a hannu har 'yarsa Rayan ta kira daga birnin Sennar.

“Baba, kwamfuta ce fa. Za a samu wata.”

“Ba ita kaɗai ba ce, Rayan. Baffanki na ciki.”

Sai ta ce ya faɗa mata yadda aka saita kwamfutar. Ya faɗa, bai manta da s ba.

“To ma'alesh, Baba, yi haƙuri, share hawayenka. Baffa bai ajiye komai a cikinta ba. Leƙawa kawai take yi. Wasiƙun suna can a akwatinsu, a kulle, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Kalmar sirrin dai, kana tune da ita?”

Yana tune da ita. Ya tashi ya rufe ƙofar ɗaki kafin ya raɗa mata. Jim kaɗan Rayan ta soma karanto masa: “Yaya, an ce jakinka ya fi ka tafiya yanzu.” Hajja Sabah ta ce daga tsakar gida ta jiyo shi yana dariya da wata irin murya. Da ya fito ya nemi kisrar da ya ƙi.

Marigayiyar ta bar mai ita, da caja guda mai ɗaure da tsumma, da batirin mota da ya shayar da ita duk sanda aka ɗauke wuta, wanda yanzu ya koma hidimar rediyo. Ta bar jaka mai zik, wadda Hajja Sabah ta riga ta zuba irin kuɓewa a ciki tun gawa ba ta huce ba.

Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida bayan la'asar, har kwana uku. Ana roƙon masu zuwa su bar sababbin wayoyinsu a aljihu, kuma kada a tayar da zancen buhun dawa.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da safe, a motar farko mai zuwa Sennar, zuwa shagon Ladan mai gyara, wanda ya nemi a ba shi sassanta don ceton wasu marasa lafiya. Gida ya amince. An riga an sanar da direba cewa ba za a ɗora ta saman mota tare da buhunan albasa ba. Malam zai zauna gefen taga, zai riƙe ta da kansa, kuma in sun hau gadar kogi ya roƙa a rage gudu, domin duk zamanta a garin nan ba ta taɓa ganin kogin ba.