Farautar Wanda Ya Rage Mana Kuɗin Feshi

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma na safiyar wata Talata ba, farkon damina, a gindin mangwaron da mu masu feshi muke zaman jiran aiki. Waɗanda ke wurin su ne: ni shugaba, mataimakina Ɗan'asabe, sauran 'yan ƙungiya da tankunansu na goyo, sai Bala Ejan da ya iso a kan babur yana irin murmushin da ba ya yi sai zai cuce mu. Amma bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Da farko, sana'armu. Mu ba ma'aikatan kowa ba ne. Mai gona yana son a fesa masa maganin ciyawa, sai ya gaya wa ejan, ejan ya zo ya kwashe mu a bayan a-kori-kura, a biya mu a kan kowane tanki. Ejan kuma ba ya taɓa faɗin inda gona take ko sunan mai ita, sai mota ta tsaya ka gani da idonka, don kada ka zagaye shi. Da ruwa ya sauka kowa a Kontagora ya zama mai feshi, har 'yan acaɓa, sai farashi ya faɗi ƙasa. Shi ya sa muka kafa ƙungiya. Aka ba ni shugabanci saboda ba na dariya a taro, kuma babu wanda ya kai ni zagin ejan. (Na taɓa cin wani tara don ya gaisa da Bala da hannu biyu.)

Na biyu, sirrina. Ana saura 'yan kwanaki, wani Alhaji da muke masallaci ɗaya ya tare ni bayan Juma'a, ya ce yana da babbar gona ta wajen Mashegu, in nemo masa mutane. Ya yanka farashi mai kyau. Abin da ya dace shi ne in kawo aikin gindin mangwaro. Amma rufin ɗakina yana yoyo, sai na ga in na cire ɗan wani abu a kowane tanki, kwano zai samu. (Ban kira shi la'ada ba. La'ada ta ejan ce. Nawa "kuɗin kulawa" ne.) To, ba zan iya cirewa a idon mutanena ba. Sai na je wurin Malam Sani mai shagon magani, na ce ya samo mini baƙi daga can Kumbashi ko Tungan Magajiya, kuma kada sunana ya fito.

Na uku, Bala. Ya kashe babur ya ce, "Shugaba, barka da hutawa. Alheri na kawo muku."

Ya faɗi farashi. Kuɗin ko madarar da muke sha bayan feshi da kyar zai saya.

Na ce, "Bala, wannan farashi ne ko sadaka?"

Ya ce, "Wallahi Baba, ni ma haka ya iso hannuna. Na sama ne ya matse."

"Wane ne na saman?"

"Ka san ba a faɗa."

Kai da kake karatu ka riga ka gano inda aka dosa. Ni ban gano ba. Farashin ya yi nisa da wanda na ba Malam Sani har bai yi mini kama da shi ba. Don haka na hau benci na yi jawabi. Na ce duk wanda ya fara rage wannan kuɗi ba ya tsoron Allah. Na ce mutum ne da bai taɓa jin igiyar tanki tana cin kafaɗarsa ba. Na ce 'ya'yansa guminmu suke sha da koko kowace safiya. Aka yi ta kabbara. Sannan na kafa doka: yau za mu bi aikin nan hannu bayan hannu har mu kai ga na ƙarshe, kuma duk wanda ya juya a hanya ya fita daga ƙungiya.

Ɗan'asabe ya zare makullin babur ɗin Bala ya sa a aljihu. Nan take Bala ya tuna cewa Garba direba ne ya ba shi aikin.

Muka ɗunguma tasha, ni a gaba. Muka sami Garba yana cin waina a bayan motarsa. Na tsaya a kansa na ce, "Kai ne mai shan jinin talakawa?"

Ya ce, "Ni? Baba, kuɗin mai kawai na cire. Ku je ku tambayi wanda ya ba ni."

"Faɗi sunansa a gaban jama'a!"

"Malam Sani mai shagon magani."

Na gyara murya na ce, to, alhamdu lillahi, an samu ci gaba, a bisa tsari ya kamata a ɗage zama zuwa gobe.

Ɗan'asabe ya ce, "Haba Shugaba, shagon ga shi can bayan masu taya."

Na ce azahar ta kusa.

Ya ce, "Ko sha biyu ba ta yi ba. Kuma kai ka ce wanda ya juya ya fita."

Haka na bi su. Wannan karon a baya nake, ina addu'ar Allah ya sa Malam Sani ya tafi kasuwar ƙauye. Yana nan. Yana zaune a ƙofar shago yana shan rake. Na yi ta ƙifta masa ido daga bayan mutane, shi kuwa bawan Allah da ya hango ni da rundunar masu tanki sai ya miƙe da fara'a.

"A'a, ga mai aikin ma da kansa! Shugaba, ashe har ka haɗa mutanenka? Ai da ka gaya mini da ban wahalar da Garba ba."

Na ji ƙarar injin masu taya kamar a cikin kaina yake. Bala ne ya fara dariya, har ya dafa bango. Ɗan'asabe bai yi dariya ba. Ya juyo a hankali ya ce, "Shugaba, 'ya'yan nan masu shan guminmu da koko, su Hauwa 'yarka ke nan?"

Sauran ya tafi a kan tsari, ko da yake ba tsarina ba. Aka sa na faɗi farashin Alhaji da bakina a tsakiyar titi. Aka sa na ajiye kuɗin kulawa. Malam Sani, Garba da Bala kuwa kowa ya ce nasa halas ne, don shi bai taɓa hawa benci ya zagi kowa ba. Washegari muka tafi gonar. Aka ba Ɗan'asabe kujerar gaba, ni aka cusa ni tsakanin jarkokin ruwa, na sha gargadar hanyar Mashegu har ƙashin bayana ya haddace ta. Shugabanci ma a gonar aka karɓe, lokacin hutun cin abinci, ba tare da jawabi ba. Har yau in Bala ya gan ni sai ya ɗaga murya ya ce, "Abokin sana'a, yaya kasuwa?"

Abin da na koya shi ne, in kai ne kake cirewa, abin da ka cire kullum ɗan kaɗan ne. Mu huɗu muka ciri kaɗan-kaɗan, mai goyon tanki ya tashi da kuɗin madara.

Saboda haka ina roƙonka, idan kana da gonar feshi a bana, ka tako da ƙafarka har inda masu tanki suke, ka faɗi farashinka da ƙarfi kowa ya ji. Kada ka aiko ejan. Kada kuma ka ba ni a asirce.