Rasuwar Mahaɗin Iska na Merle Tollefson

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai cike da kunya, Merle Tollefson na garin Bemidji yana sanar da rasuwar mahaɗin iskarsa, wanda ya cika ranar Asabar da hantsi yana da shekara goma sha ɗaya.

An haifi marigayin a gareji. Uwarsa murfin tiyon ban ruwa ce, ubansa bawul ɗin tsohuwar taya, gam ne ya ɗaura auren. Duk Oktoba, kafin ƙanƙara ta sauka, shi ake ɗaura wa tirelar kwana a hura iska, ruwan bututu ya fice, kada ya daskare ya fasa bututun. Tirelar kuwa ta Lorna ce, matar Merle, gadon mahaifinta, kuma ita kaɗai ya bar mata. Marigayi bai taɓa ƙorafi ba. Iyakarsa "tsss", sai famfo ya yi tari ya tofar.

Ciwon ajali gajere ne. Merle ya tara maƙwabta su ga gwaninta. Lorna ta leƙo ta taga ta ce, "Ka buɗe famfunan kuwa? Baba bai taɓa hura iskar da ta wuce awo arba'in ba."

"Haba Lorna, ni za ki koya wa iska?"

Bai buɗe ko ɗaya ba. Ya murɗa injin hura iska har awo ɗari, don kowa ya ji ƙara. To, an ji. Marigayin ya ce "fiiit", ya ce "tau!", ya tashi sama ya faɗa gonar kabewar maƙwabci. Can cikin bangon tirela bututu uku suka bi shi suka fashe, ruwa ya jiƙe katakon da mahaifin Lorna ya fere da hannunsa. Masu kallo suka tuna suna da aiki a gida.

Ya rasu ya bar injin iska ɗaya, da rabin kwalbar gam, da mai shi, wanda har yanzu yake cewa gam ɗin ne ba shi da kyau. Kai, Merle! Allah Ya ba shi haƙuri, in da hali Ya haɗa masa da hankali.

Za a kai gawa kwandon shara ranar Talata kafin motar kwasa ta iso. Ana karɓar gaisuwa a bakin gareji, amma a yi magana a hankali. Lorna ta karɓe mukullin tirela, ta shiga ita kaɗai da tsumma tana goge katakon ubanta, kuma tun Asabar ba ta ce wa Merle ko sannu ba.