Kaka Ya Tura Ganga Har Rufi

"Lafiya lau, amarya. Ya aikin danne-danne?"

Da wannan kakan ya tarbi jikar tasa. Daga sallar la'asar ta dawo ɗakin da ta jingina wa katifu a bango don haɗa waƙa, ta tarar da shi zaune a kujerarta, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Layin sautin da ta bari kore a kwamfuta ya koma ja wur. Ta kunna waƙar, ganga ta fito tana tsagewa kamar ana yaga buhu. Mawaƙin da ke da waƙar shi ne mutum na farko da ya yarda ya ba ta aiki, kuma ya bugo waya ya ce yana hanya.

"Tsoho, me ka taɓa?"

"Taimakonki na yi. Na ji waƙar tana raɗa kamar munafuka, sai na tura 'yan maɓallan nan sama."

"Duka?"

"Har ƙarshe. Ni ba na aikin rabi."

"Innalillahi! Ko adanawa ban yi ba! Tashi min daga kujera, mai kunnen kwaɗo!"

"Ji rashin kunya! Da kunnen nan nake jin tarin sauro daga ƙetaren titi."

"Shi ya sa jiya na yi sallama sau uku ka ce a kori akuya."

Ta zauna. Ta kashe komai, ta bar muryar mawaƙin ita kaɗai, ta sauko da ita ƙasa, ta kasa kunne. Muryar ta fito tas. Ta sauke ajiyar zuciya: ainihin ɗaukar ba ta lalace ba, amma haɗin wuni guda ya tafi.

"Meye laifin ja?" in ji kakan. "Ai launin amare ne."

"Sauti rufi gare shi, angon ƙarya. In ya buga rufin, sare masa kai ake yi. Dole a bar masa sarari."

"To a daɗa tsawon ginin mana."

"A daɗa maka haƙora tukuna."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ganga ƙasa, jita ƙasa, tana duban layin yana lilo tsakanin kore da ruwan ɗorawa. Da aka zo amshi ya sake lasar ja. Ta ciji leɓe ta ƙara ragewa.

"Kin kashe waƙar! Yanzu ko ni ba na ji!"

Ta zari abin kunne na sauraron sauti ta kifa masa a ka, ta murɗe masa ƙararsa shi kaɗai.

"Nan ake ƙarawa, ba a jikin waƙa ba!"

Tsoho ya kasa kunne. Can kansa ya fara gyaɗawa, sandarsa na bugun ƙasa.

Sai ga ƙarar babur a ƙofar gida.

"Wayyo, ya iso! Saura baitin ƙarshe!"

Kakan ya cire abin kunnen, ya dube ta ya ga idonta ya ciko. Ya tuntsire da dariya, ya miƙe da ƙyar.

"To, na yarda, kunnen ne ya tsufa. Yi aikinki, matar. Bari in tare shi a waje in ba shi labarin ciwon gwiwata. Daga shekarar da ya fara zan ɗauko."